Inda za ka samu ORS a wannan zafin

Malam, ka ce zafin Birnin Kebbi na sa ka jiri da bushewar baki, kana neman inda ake sayar da ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a sha don mayar da ruwan jiki. Kusan kowane kemis na da shi. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in kuma ka taɓa ledar ka ji garin ya dunƙule, mayar musu abinsu.

Karanta jikin ledar, yawanci a lita 1 ake damawa, wato ledar fiya wata guda 2. Kada ka rage ruwan wai don ya yi ƙarfi, gishirin ne zai yi yawa. Riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, abin da ya wuce awa 24 a zubar. In fitsari ya ɗauke ko amai ya ƙi tsayawa, to sai asibiti. Allah ya sawwaƙe.