Kowa na cewa ina da fara'a, amma ni kaɗai na san halin da nake ciki

Tambaya:

Anti barka da ƙoƙari. Ni matsalata ban ma san ta inda zan fara ba. Kullum ina zuwa aiki, ina wasa da dariya, har ni ake nema in wata ta shiga damuwa in ba ta baki. Amma da na dawo na rufe ƙofa sai in ji kamar an zare min laka, waya tana ƙara ina kallonta na kasa ɗauka, ƙarfe uku na dare in farka shi kenan barci ya tafi. Abubuwan da nake so a da duk sun fita raina. Wata biyar kenan. Na gwada faɗa wa yayata ta ce ke da ba ki rasa komai ba ki gode wa Allah kawai. Wai ciwon damuwa ne ko ni ce mai raki?

Daga wata ƙanwarki

Amsa:

Ƙanwata, ba raki ba ne. Mai raki ai so yake a gani, ke kuwa wata biyar kina ɓoyewa. Likita ne zai tabbatar bayan ya duba ki, amma abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa sosai. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne mutum ya yi aƙalla sati 2 kusan kullum yana cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abin da yake so, ga rikicewar barci, gajiya, canjin cin abinci, kasa tattara hankali, da ganin kai ba a bakin komai ba. A cikin ma'aunin nan babu inda aka ce sai mutum ya daina dariya ko ya kasa fita aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 280 ke fama da shi, mata sun fi yawa, kin ga ai ba duka ne ke kwance a ɗaki ba.

Abin da ke gajiyar da ke har da ɓoyewar kanta. Ki wuni kina gyara fuska, a ce ya kike ki ce lafiya lau, ki saurari matsalar wasu ki haɗiye taki, to dole in kin dawo ya zama ba sauran ƙarfin ko ɗaga waya. Kuma da yake kin iya ɓoyewar, ba wanda zai zo ya tambaye ki, sai ke kin buɗe baki.

Yayarki ba mugunta ta yi ba, rashin sani ne. Godiyar Allah daban, ciwo daban, mai hawan jini ma yana godiya yana shan maganinsa. Ki nemi mutum ɗaya tak mai riƙe sirri, ki ce masa ba shawara nake nema ba, ka saurare ni kawai. In baki ya yi nauyi ki tura saƙo.

Sai ganin likita. Nan ne masu irin halinki ke yin kuskure, su shiga da murmushi su ce ɗan ciwon kai ne, a ba su farasitamol su fito. Ki rubuta komai a takarda tun daga gida, har farkawar ƙarfe ukun nan, ki miƙa masa. Wataƙila ya ba ki wata takarda mai tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, kuma ya sa a gwada jini, don ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ake kira thyroid suna kawo irin wannan kasala. Magani kuwa akwai na zama da ƙwararre ana tattaunawa, akwai na sha. Na shan yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin a ji canji, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. Kafin nan ki rage ɗaukar kayan kowa, ki tsayar da lokacin kwanciya, ki riƙa ɗan tattaki.

Abu ɗaya ba ki ambata ba, ni zan tambaya: tunanin gara ki mutu ki huta yana zuwa miki? In eh, kar ki jira wani sati, yau ɗin nan ki faɗa wa wani na kusa ya raka ki asibiti, sashen gaggawa.