Shin malamai ne suka kafa Zongon Yamai?

Malam, ka tambaya ko malamai ne suka kafa unguwar Zongo. Fatake Hausawa ne suka fara sauka a wurin, kuma ta bunƙasa bayan Faransawa sun maido da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Sai dai falke ba ya daɗewa a wuri ba malami. Masallaci da makarantar allo su ne ke mai da zango unguwa, don haka ban raina rabon malamai a ciki ba. In wurin da malami ya kafa da jama'arsa kake nema, je ka Say, kudu da Yamai a bakin kogi. Alfa Mahaman Jobbo ya mai da garin cibiyar karatu a farkon ƙarni na 19.