Shokazoba ga tsohuwar mota: amsoshin wasiƙunku

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar mini Marsandi 280SL mai ƙofa biyu. In na taka birki sai gabanta ya dunƙusa, in ta hau tudu kuma ta yi ta rausaya. Bakanike ya ce in sayo shokazoba 'yar Beljiyam. Tsoro nake kada in lalata motar Baba. Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, wannan ba ciwon ajali ba ne. Da alama motarki samfurin R107 ce, wanda Mercedes ta ƙera daga 1971 zuwa 1989, kuma har gobe ana yin kayanta sababbi. Shokazobarta daban take da sifirin, don haka canjin ba shi da wahala. Nemi Sachs ko Bilstein B4, baƙar nan, dukansu na Jamus. Su ne za su mayar mata da laushin da Baba ya sani. Bilstein B6 mai ruwan ɗorawa ta fi tauri, a titin da ke da ramuka ƙugunki ne zai biya kuɗin. Ki ba mai sayarwa lambar shasi, ba sunan mota kawai ba, don kada a haɗa ki da ta wata Marsandin a ce ai duk ɗaya ne. Ki sa a duba robobin ƙafa tare, domin roba mai shekara 40 ta gama aiki. Batun 'yar Beljiyam kuwa, karanta amsa ta uku.

Tambaya: Ta hagu ce kawai ke yoyon mai. In canza ita kaɗai?

A'a. Biyu-biyu ake canzawa, gaba tare, baya tare. Sabuwa a hagu, gajiyayya a dama, motar za ta riƙa karkata a kwana da lokacin birki.

Tambaya: Na samu Bilstein guda huɗu cikin kwali a rabin kuɗin da ake faɗa. Mai shago ya rantse sababbi ne. In biya? Daga Kano.

Riƙe kuɗinka tukuna. Kai da ka san yadda dala take, wa zai shigo da kaya daga Jamus, ya biya kwastan, ya biya hayar shago, sannan ya sayar maka a rabin kuɗi? Araha ba ta ado. Kwali da sitika kowace maɗaba'a za ta buga su. Abin da ke faruwa shi ne a tsinto matacciyar shokazoba, a huda ta, a ɗura mata baƙin mai, a toshe da walda, a goge, a fesa fenti. Ranar farko za ka ji ta da tauri ka yi ta godiya. Bayan 'yan makonni man ya tsiyaye, ka koma gidan jiya, ga kuɗin bakanike karo na biyu.

Ga abin da za ka yi kafin ka zaro ko sisi. Shafa jikinta da yatsa, musamman can ƙasa, ka ji ko akwai ƙullutun walda a ƙarƙashin fenti. Duba sandar da ke shiga ta fita: sabuwa santsi gare ta, babu tsatsa, babu ƙarzuwa, babu fenti a kanta. Duba zaren noti, in an taɓa ɗaura shi za ka ga shaida. Tsayar da ita, ka danna da ƙarfi, ka saki. Mai gas a ciki da kanta take miƙewa a hankali. In ta zauna shiru, ko ka ji wani wuri da ta wuce fuu babu turjiya, ajiye ta. Gwada duka huɗun, kada ka yarda da wadda aka miƙo maka kawai.

'Yar Beljiyam ma ba tsira ba ce. Fitila ko ƙofa, ido na iya gane lafiyarsu. Shokazoba kuwa ciwonta a ciki yake, kuma babu mai gaya maka tafiyar da ta sha kafin a kwance ta. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya kashe maƙudan kuɗi a fenti da kujerun fata, da an zo kan abin da ke manne taya da kwalta sai ya fara neman ragi. Matacciyar shokazoba na tsawaita nisan birki, tana cinye taya gutsi-gutsi, ranar ruwan sama kuma ita ce ke sa mota ta kufce. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano akwai masu amana, nemi wanda zai rubuta maka rasit ya kuma yarda ka dawo da kaya.

Tambaya: Ina da MGB, bakanike ya leƙa ya ce bai ga shokazoba ba sam.

Tana nan, bai san irinta ba ne. MGB, wadda aka yi a Ingila daga 1962 zuwa 1980, tana amfani da ta Armstrong, wani ɗan akwatin ƙarfe mai hannu, cike da mai. A gaba, hannun nan shi ne ma ke riƙe saman ƙafar motar, don haka kada ka bari kowa ya cire ta ya liƙa wata da walda. A duba man ciki da notocin da ke riƙe ta, sau da yawa nan matsalar take. Man haidurolik ake zubawa, ba man birki ba. In tana yoyo, a Ingila ana sayar da gyararru.

Tambaya: Bayan motata ya zauna ƙasa. Wace shokazoba ce za ta ɗaga ta?

Babu. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, shokazoba rawa kawai take hanawa. Canza sifirin, kuma ka daina lodin buhunan masara a motar.