Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Yadda Ake Girka Babbar Na'urar Sanyi da Ɗumi a Wajen Gini

Tambayoyin wannan makon sun karkata ga babbar na'urar sanyaya ɗaki da ake ajiye ta gaba ɗayanta a wajen gini, wadda kwamfuresa (injin da ke matse gas ɗin sanyi) da fankoki da ragar sanyi da ragar fitar da zafi duk suke cikin akwatin ƙarfe guda, sannan a shigar da iskar cikin gini ta manyan bututu. Wasu daga cikinsu suna sanyayawa kawai, wasu kuma suna ɗumama ɗaki idan hunturu ya kama. Aikin girka ta ya bambanta ƙwarai da na iyakwandishan ɗin bango da muka saba, kuma yawancin haɗurran da ke tattare da ita tun kafin a kunna ta ake shuka su.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da cibiyar koyon kwamfuta da rubuta jarrabawa a Ƙofar Kaura, da kwamfuta ɗari a zaure guda. Idan bazara ta shigo, na'urorin bango da muke da su ba sa iya zauren, har kwamfutoci kan riƙa kashe kansu. An ba ni shawarar sayen irin wannan babbar. Mai wane ƙarfi zan saya, kuma a kan rufi zan ɗora ta ko a ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Abin da za a fara lissafawa shi ne zafin da zauren ke samarwa, domin duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa a cikin ɗakin. Idan muka ɗauka kowace kwamfuta da allonta suna cin wat 120, guda ɗari sun ba da kilowat 12, kuma mutum ɗari da ke zaune suna fitar da kusan wannan adadin daga jikinsu. Ka ga an tashi da kilowat 24 ke nan. Ana auna ƙarfin waɗannan na'urori da tan, kuma tan ɗaya daidai yake da BTU 12,000 a awa (BTU awon yawan zafi ne), wato kimanin kilowat 3.5 na sanyi, saboda haka mutane da kwamfutoci kaɗai sun cinye kusan tan 7, tun ba a sa zafin da ke saukowa daga kwanon rufi ba, da wanda ke shigowa ta tagogin yamma, da fitilu, da sabuwar iskar da dole a riƙa shigarwa don kada ɗalibai su riƙa jin kasala da ciwon kai. Wannan ragowar lissafin aikin injiniya ne wanda zai zo ya auna ginin. Kada kuma a saya wadda ta fi ƙarfin zauren da yawa da sunan riga-kafi, domin za ta riƙa tashi tana tsayawa a kai a kai, kuma wannan yana gajiyar da kwamfuresa.

Akwai abin da masu saye a Arewa suke yawan tsallakewa. Na'urar da aka yi wa alamar T1 an gwada ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, wadda aka yi wa alamar T3 kuwa a digiri 46. A Katsina, inda zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, wadda ta dace da mu ita ce T3, domin ƙarfin da aka rubuta a jikin T1 yana raguwa ne daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Game da wurin ajiyewa, ni na fi son ƙasa matuƙar akwai fili. A zuba mata dakalin kankare mai ƙarfe a ciki, wanda ya ɗan fi ta faɗi, ya kuma tashi sama da inda ruwan watan Agusta ke kwanciya a harabar. A daidaita shi da ma'aunin magina, saboda idan ta karkata ruwan da take tarawa ba zai bi magudanarsa ba, zai kwanta ya ci ƙarfen ko ya bi bututun iska ya shiga silin. Kada a ajiye ta ƙarƙashin indararo, kada kuma a yi mata rumfa ƙasa-ƙasa don tausayin rana, domin ta sama take hura zafi, kuma idan ya bugi rumfar sai ya dawo ta sake shaƙarsa. Littafin da ya zo da ita ya faɗi tazarar da za a bari ta kowane gefe da ta sama. A bi wannan adadin yadda yake, musamman gefen da mai gyara zai tsaya. Idan ana gudun yara ko awaki, a kewaye ta da ragar ƙarfe mai ƙofa, kada a gina mata katangar bulo da za ta toshe iska.

Abin da ya fi damuna a wannan babin shi ne janareta. Mutane kan ga ya fi sauƙi a tara injuna a lungu guda, alhali wannan na'ura tana da ƙofar jan sabuwar iska, ga kuma mahaɗar bututun da ke iya zuƙar abin da ke kusa idan ba a liƙe su da kyau ba. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma idan na'urar ta ja ta, za ta raba ta ga duk wanda ke zauren cikin mintuna. A raba su nesa, a juya salansar janareta ta kalli wani ɓangaren, a kuma nisanta ta da bututun shaddar gida.

Idan dole sai rufi, to sai rufin kankare, kuma sai injiniyan gini mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya tabbatar zai ɗauki nauyin, domin mai tan 10 tana kai ɗaruruwan kilo kuma tana girgiza idan tana aiki. Rufin kwano a kan katako ba wurinta ba ne. Motar ɗaga kaya ce za ta hau da ita ta wuraren rataya da kamfani ya tanada, bayan an duba wayoyin wuta da ke wucewa ta sama, an kuma kori kowa daga ƙarƙashinta. Tara samari da igiya su ja ta sama ganganci ne da rayukansu. Bayan an sauke ta a ɗaure ta da kusoshi a mazauninta, don mun san irin iskar da ke zuwa da ruwan farkon damina.

Tambaya: Malam, mai haɗa mana wuta a ɗakin taronmu na Barhim ya ce zai jona irin wannan na'ura da layin da fankoki da fitilu suke kai, ya ƙara girman bireka kawai. Hakan ya yi?

Amsa: Bai yi ba, kuma ina roƙonka ka dakatar da aikin. Bireka waya yake karewa; idan aka ƙara girmansa aka bar siririyar waya, wayar za ta yi zafi a cikin bango har ta kama wuta bireka bai faɗi ba. Wannan na'ura tana buƙatar layinta ita kaɗai tun daga babban allon rabon wuta, da wayar jan ƙarfe ta gaskiya. A jikinta akwai farantin bayani. Adadin da aka rubuta gaban MCA shi ke nuna mafi ƙarancin ampiya da wayar za ta iya ɗauka, wanda ke gaban MOCP shi ne iyakar girman bireka ko fiyus da aka yarda a sa, LRA kuwa shi ne wutar da kwamfuresa ke fizga a lokacin tashi, wadda kan ninka ta aiki sau biyar ko fiye. Da wannan na ƙarshen ake zaɓen janareta, shi ya sa za ka ga janaretan da lissafi ya nuna ya isa yana durƙushewa da zarar na'urar ta tashi.

A kusa da ita, inda mai gyara zai iya gani da idonsa, a kafa makashin wuta mai jure ruwa wanda ake iya kulle shi da kwaɗo, domin kada wani daga ciki ya mayar da wuta alhali hannun mutum yana cikin fanka. Ko bayan an kashe, kafasita, wato ma'ajiyar wuta da ke cikin na'urar, tana riƙe da caji mai iya jefar da mutum, sai ƙwararre ya sauke shi ya kuma gwada da mita kafin a taɓa komai. Jikin akwatin kuma dole a haɗa shi da wayar atin mai zuwa sandar jan ƙarfe da aka binne. Ƙasarmu mai rairayi ce, tana bushewa ƙayau da rani, saboda haka binne sanda kaɗai bai wadatar ba, sai an auna an ga tana aiki, a ƙara wata idan ta kasa. A sa mata kuma na'urar kariya daga hauhawar wuta saboda tsawa, domin allon lantarkin da ke cikinta yana da tsada.

Manyan na'urorin nan galibi wuta mai layi uku suke ci, wato volt 400 zuwa 415. A nan akwai haɗari biyu. Idan layi ɗaya ya ɗauke daga taransifoma sauran biyu suka rage, moto zai ci gaba da gunji har ya ƙone. Idan kuma aka juya jerin layukan, ko a wajen haɗawa ko bayan gyaran taransifoma ko a makunnin sauyawa zuwa janareta, kwamfuresa irin na zamani zai juya da baya, ya yi ƙara, ba sanyi, ya lalace cikin ɗan lokaci. Maganin duka biyun wata ƙaramar na'urar sa ido kan layuka ce, wadda ke yanke wuta idan layi ya ɓace, ko ya juye, ko ƙarfin wuta ya kauce fiye da kashi 10 cikin ɗari. Kuɗinta bai kai komai ba idan aka kwatanta da na kwamfuresa. A haɗa da mai jinkirin minti uku zuwa biyar, don kada ta tashi nan take idan an ɗauke wuta an dawo da ita. Kafin tashin farko a ba ta wuta na awannin da littafinta ya faɗa, yawanci har awa 24, domin hitar da ke jikin kwamfuresa ta kori gas ɗin sanyi da ya narke cikin mansa. Ka nemi mai aikin da ke da shaidar hukumar duba ayyukan lantarki ta NEMSA, ka kuma sanar da kamfanin rabon wuta na KEDCO ƙarin nauyin da za ka ɗora wa layi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Daura nake. Ɗan'uwana ya aiko mini da irin wannan na'ura ta hannu daga Amurka don ƙaramin masaukin baƙina, kuma tana da murhun gas na ɗumama ɗaki. Zan iya jona ta da tukunyar gas ɗin girki?

Amsa: Alhaji, kada ka jona. Irin waɗannan suna fitowa daga kamfani ne a saite da gas ɗin bututu na ƙasarsu, namu na tukunya kuwa wani iri ne mai ƙarfin zafi da matsi daban, sai an canza ƙananan bakunan fitar gas da saitin bawul da kayan da kamfanin ya yi don haka. Idan ba a canza ba, wutar za ta yi yawa, ta yi baƙin hayaƙi, ta haifar da kabon monoksaid. Ƙari a kan haka, tsohuwar na'ura tana iya zuwa da tsaga a tukunyar ƙonawarta, kuma ta wannan tsagar gubar ke shiga iskar da baƙinka za su shaƙa suna barci. Sanyin Disamba da Janairu a Daura yana da cizo da asuba, amma bai kai a ɗauki wannan kasadar ba. A rufe ɓangaren gas ɗin gaba ɗaya. Wanda yake son ɗumi ya nemi irin wadda ke juya aikinta ta ɗebo zafi daga waje ta shigar ciki, babu harshen wuta a cikinta.

Ka duba farantinta kuma tun kafin ka kashe kuɗin dakali. Wutar Amurka mai hatz 60 ce, tamu 50 (hatz shi ne yawan kaɗawar wuta a daƙiƙa guda). Idan an rubuta volt 208/230 mai layi uku, layinmu mai 400 zai ƙone ta nan take. Mai volt 460 tana iya tashi a wutarmu, amma motocinta za su rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, sanyinta ma ya ragu, kuma sai kamfanin ya nuna ya amince da hakan. Idan gas ɗin sanyinta R-22 ne, ka sani ana janye shi daga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, samunsa mai kyau zai ƙara wuya.

Tambaya: Makanikenmu yana zargin gas ɗin sanyin na'urarmu yana zurarewa, ya ce zai aro tukunyar oksijin daga mai walda ya hura ya gano wurin.

Amsa: Ka hana shi yau ɗin nan. Oksijin idan ya haɗu da man kwamfuresa a ƙarƙashin matsi fashewa yake yi, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanyar. Da busasshiyar iskar naitirojin ake gwaji, da bawul mai rage matsi. Gas ɗin da aka rubuta a faranti shi kaɗai ake zubawa, da sikeli, gwargwadon nauyin da aka faɗa. Gas ɗin sanyi iri-iri ne: R-410A ya fi R-22 matsi nesa ba kusa ba, R-32 yana iya kama wuta, R-290 kuwa ɗan'uwan gas ɗin girki ne. Sabuwar na'ura tana zuwa da gas ɗinta a rufe daga kamfani, babu dalilin buɗe ta ranar girkawa.

Tambaya: Injiniya, ni ce mai kula da wata makaranta a cikin gari. Zan iya sarrafa irin wannan na'ura daga wayata?

Amsa: Za ki iya, Hajiya, idan aka sa mata ma'aunin zafi na bango mai haɗuwa da intanet. Yawancin waɗannan na'urori da volt 24 ake ba su umarni, kuma ma'aunin zamani yana buƙatar ƙarin waya guda da ake yi wa alamar C domin ya sami wuta a kowane lokaci, saboda haka a ja waya mai isassun zare tun ranar girkawa, a bututun da ba na babbar wuta ba. A kafa shi a bangon ciki inda rana ba ta bugu, nesa da bakin fitar sanyi. Da yawansu sun fi kama Wi-Fi mai 2.4 GHz. Ki canza kalmar sirrin da ya zo da ita, ki saita shi a digiri 24 ko 25, domin sauke shi zuwa 16 ba ya sa ɗaki saurin yin sanyi, tsawaita aikin kwamfuresa kawai yake yi. Manhajar za ta riƙa tuna miki lokacin duba matatar iska, amma lissafinta bai san ƙurar hunturunmu ba. Daga Nuwamba zuwa Maris a riƙa duba matatar kowane mako, a wanke ragar waje da ruwa marar ƙarfi bayan an kashe wuta an kulle makashin, a kuma tabbatar lanƙwasar bututun fitar ruwa tana da ruwa a cikinta kafin damina ta sauka.