Amsa ga mai tambaya kan katin gayyatar gashin nama

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da tarewa a sabon gida, Allah ya sa an shiga a sa'a. Na ga tambayarki, cewa kina son ki tara maƙwabta da 'yan'uwa a farfajiyar gidanki a gasa nama a wannan bazarar, kuma kina son katin gayyatar ya zama aikin hannunki. Na kuma ga masu cewa ki tura saƙo ta WhatsApp ki huta. Ga mutanenmu saƙon ya wadatar. Amma maƙwabtanki Amurkawa da ba ki da lambarsu, kati ne zai kai ki ƙofarsu, kuma na sha ganin katina manne a jikin firij ɗinsu bayan an daɗe da gama taron.

Kafin ki ɗauki almakashi, zauna ki tsara abin da za ki rubuta, don a nan aikin yake. Katin nan shi zai faɗi abin da za ki ji nauyin faɗa da bakinki.

Na farko, gyaɗa. Yajin tsirenmu da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, kuma a nan Amurka akwai mutane da dama, musamman yara, waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Wani ɗanɗanawa kawai zai yi numfashinsa ya sarƙe, sai an garzaya da shi asibiti. Baƙonki kuwa ba zai taɓa zaton akwai gyaɗa a jikin nama ba. Don Allah ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa yajin yana da gyaɗa, wanda ba ya ci ya sanar da ke. Ni nakan ware wani nama da gishiri, citta da barkono kawai, a gasa shi da farko kafin yaji ya taɓa wayar gashin, da tirensa daban.

Sai maganar giya. A al'adarsu, wanda aka gayyata ba ya zuwa hannu rabbana, kuma abin da ya fi saurin zuwa musu a rai shi ne kwalbar giya. Ba wulaƙanci ba ne a wurinsu, kara ce. To ki raba kanki da tsayuwa a bakin ƙofa kina neman yadda za ki mayar wa mutum da kyautarsa. Layi ɗaya ya isa: naman halal ne, ba a shan giya a gidan, akwai zoɓo da lemo, wanda ke son riƙo wani abu ya zo da kankana ko 'ya'yan itace. Suna jin daɗin a faɗa musu tun da wuri.

Kwanan wata ki rubuta shi da kalmomi. Su wata suke fara sawa kafin rana, saboda haka 6/7 a wurinsu 7 ga Yuni ne, 'yar'uwarki da ba ta daɗe da zuwa ba kuma ta karanta 6 ga Yuli. Ki sa lokacin farawa da na tashi, misali ƙarfe 3 zuwa 7, don ki san Ba'amurke in an ce 3, to 3 ɗin zai ƙwanƙwasa, ya kamata a ce gawayi ya riga ya kama. Ki sa lambar waya da ranar ƙarshe ta ba da amsa, abin da suke rubutawa RSVP, ta haka za ki san yawan naman da za ki saya. A ƙasa kuma ki faɗi yadda za a yi in an yi ruwan sama.

Yanzu aikin hannun. Ki sayi takarda mai kauri irin ta kati, a shagon Michaels ko Walmart, wadda aka rubuta 80 lb ko 110 lb a jikin ledarta. Takardar nan inci 8½ da 11 ce, in kin yanka ta gida huɗu kowane yanki zai fito inci 4¼ da 5½, daidai ambulan ɗin da suke kira A2. Ni na fi son mai ruwan ƙasa irin na kwali, don baƙin rubutu yana fita a kanta. Ki yanka da rula da reza a kan katako, almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen layi.

Adon da ya fi karɓuwa a wurina shi ne ƙyallen atamfa. Ragowar yankan ɗinki da ke cikin akwati, ki goge shi da dutsen guga, ki yanka siriri kamar faɗin yatsa biyu, ki manna a gefe ɗaya na katin daga sama har ƙasa. Shaguna cike suke da kati mai zanen ja da fari irin na shimfiɗar tebur, naki kuwa ana buɗewa za a san daga gidan wa ya fito. Kada ki sa gam mai ruwa, yana ratsa ƙyallen ya bar tabo, katin kuma ya lanƙwashe. Salatif mai manne ta fuska biyu ya fi. In kina da yara, ki yanka dankali gida biyu, ki sassaƙa siffar harshen wuta, su dangwala a jan fenti su buga a kusurwa. A bar shi ya bushe sosai kafin a jera.

Rubutun kuma, sunan baƙo da gaisuwa ki yi da hannunki, bayan kin ja layi da fensir. Sauran bayanin, in katin ya haura ashirin, ki buga a firinta ki manna, ba laifi ba ne. Na mutanenmu ki ƙara musu layi da Hausa, ki ce akwai wurin salla da na alwala.

Wajen rabawa ki kula da abu ɗaya. Dokar ƙasar nan ta hana a jefa takardar da ba ta da kan sarki cikin akwatin wasiƙun mutum, na ma'aikatan gidan waya ne kaɗai. Ki ƙwanƙwasa ki miƙa hannu da hannu, ki gaisa, ai dama sanayyar kike nema. Waɗanda za ki aika wa ta gidan waya, ki guji ambulan mai tsawo da faɗi daidai wa daida, da saka maɓalli ko tsinke a ciki, don injinsu ba ya iya tantance irin waɗannan, sai an ƙara kuɗi.

Ki raba saura mako biyu zuwa uku. In ranar ta faɗo kusa da 4 ga Yuli, bikin 'yancin kansu, ki ƙara mako ɗaya a kai, don mutane da yawa kan yi tafiya ko sun riga sun karɓi wata gayyatar. In kin yi na gwaji guda ɗaya, ɗauki hotonsa ki turo mana mu duba rubutun tare kafin ki yanka sauran.