Feda mai kama takalmi a garin rairayi: yaushe take son gyara?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Yayana da ke Faransa ya aiko mini da keken tsere na hannu, mai fedar nan da takalmi ke shiga ya kulle, ƙirar Shimano. Duk ranar Lahadi nakan je Mirya in dawo. Kwanan nan ta dama ta fara kuka ƙis-ƙis, ƙafa ma da ƙyar take fita. Sau nawa ake mata gyara a shekara? Daga wani matashi a Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. A ƙasar da keken nan ya fito, sau ɗaya a shekara ya ishe ta giris. Amma mu a Damagaram rairayi ne ke yanke mana lokaci, ba kalanda ba.

Wuyar fitar ƙafa ita ce mai sauƙin magani. Ƙura ce ta cika bakin da ke kama takalmin. Duk ka dawo daga Mirya, kilomita 36 ke nan zuwa da dawowa, ɗauki tsohon buroshin haƙori ka kakkaɓe sifirin ɗin, ka goge da tsumma. Bayan mako biyu ko uku ka ɗiga masa mai ɗigo ɗaya tak, ka share abin da ya malala. Don Allah ban da baƙin man mota. Na taɓa ganin wani mai gyara ya tuttula shi a fedar wani yaro, kafin kwana uku ta koma kamar an tsoma ta a ƙullun ƙosai an birkiɗa a yashi. Akwai kuma ɗan noti a jikinta mai alamar + da −, ka sassauta shi kaɗan. Ka fi son ƙafa ta fita da wuri ranar da ɗan kabu-kabu ya sha gabanka a bakin kasuwar Dole.

Kukan kuwa sai an bi shi a hankali. Fara da ɗan ƙarfen da ke ƙasan takalminka, sau da yawa notinsa ne ya saki. In ba shi ba ne, kama fedar da hannu ka girgiza ta. Ka ji tana lilo a kan sandarta? Sai ka juya ta da yatsa. Lafiyayya tana juyawa shiru da ɗan nauyi, ta tsaya da wuri. Wadda ke gudu kamar fanka tana ƙaras-ƙaras, girisinta ya bushe, boris na cin juna. Masu keke da yawa suna ganin saurin nan su yi murna, alhali alamar ciwo ce.

Ni dai shawarata ka buɗe ta sau biyu a shekara: in hunturu ya wuce wajen watan Maris, sai kuma ƙarshen damina a Oktoba. Ana zare sandar daga cikin fedar, a goge, a zuba sabon giris a ramin, a mayar. Kana ɗaurewa za ka ga tsohon baƙin giris na fitowa ta baki, ka san aiki ya yi ke nan. Wasu ƙirar suna da zoben roba da ke buƙatar makullinsa na musamman, TL-PD40; ka roƙi yayanka ya haɗo maka, kada a sa masa filaya a farfasa. Ka tsaya kan mai gyara in zai cire feda daga keken, domin ta hagu a baibai take kwancewa, kuma ba kowa ke tunawa ba sai ya cinye zaren. Wurin wankin mota ma kada ka bari a harba mata ruwan inji, yana tura yashi har cikin boris.

Tambaya: Malam, zan yi saƙon feda daga Kano. Look zan saya ko SPD? Daga wani magidanci a Sabon Gari.

Amsa: Yallaɓai, Look, wani kamfanin Faransa, ita ce ta fito da irin wannan feda a 1984, da ita ɗan tseren keke Bernard Hinault ya ci tseren Tour de France a 1985, ba ta da abin kushewa a kan kwalta. Sai dai abin da ake ɗaura wa takalminta roba ne mai noti uku, a fili yake, duk takun da ka yi a tsakuwa yana cinye shi. SPD, wadda Shimano ta fitar a 1990 don keken daji, nata ƙarfe ne mai noti biyu da ke ɓuya cikin tafin takalmin. Kana iya sauka ka taka zuwa masallaci ko wurin mai shayi ba ka tafiya kamar agwagwa.

Sayi SPD. Ƙirar M520 ba ta da tsada, kuma tana da ran ƙarfe. In keken ne kuma za ka riƙa zuwa cefane da shi, nemi M324, mai fuska ɗaya ta kamawa, ɗayar kuma shimfiɗaɗɗiya da ko silifa ka sa za ka tuƙa. Ka sa a haɗo maka da ƙarfen takalmi na ajiya tun yanzu, kada ranar da naka ya cinye ka zauna jiran wani mai zuwa Kano.