Na Ga Kuskure a Littafin Horaswar da Shugabana Ya Rubuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko a Ƙaramar Hukumar Dukku ta Jihar Gombe. Shugaban sashenmu, wanda ya girme ni a shekaru da aiki, ya shirya ɗan littafin horas da masu aikin sa kai, ya turo shi zaurenmu na WhatsApp domin kowa ya faɗi ra'ayinsa. Kowa yabo ya rubuta, amma ni na ga kuskure a babin gudawar yara, inda aka ce a ba kowane yaro ƙwayar zinki guda a rana, kuma Hausar littafin ta yi nauyi. Yaya zan yi magana ba tare da na ci fuskarsa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abubuwa biyu kika gani, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne, saboda haka kada ki haɗa su a ƙunshi guda. Na farko ya shafi lafiyar jarirai, kuma a ganina yin shiru a kansa bai halatta gare ki ba. A shekarar 2004 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a ba yaro mai gudawa zinki miligiram 20 a kullum na tsawon kwana 10 zuwa 14, amma jaririn da bai kai wata 6 ba miligiram 10 ne rabonsa, wato rabin ƙwayar. Mai aikin sa kai da ya haddace wancan layin zai maimaita shi gida-gida, kuma babu likita a gefensa da zai tsayar da shi.

Kada ki fara da zauren. Ki same shi a ofis lokacin da babu jama'a, ki gaishe shi yadda ya kamata, sannan ki ambaci wani abu takamaimai da littafin ya yi daidai, domin yabon da ba a faɗi dalilinsa ba ba ya amfanar marubuci. Daga nan ki buɗe shafin, ki ajiye takardar ƙa'idar hukuma a gefensa, ki ce: "Ranka ya daɗe, a nan na ga bambanci tsakanin littafinmu da wannan takarda, ko za ka duba mana?" Da haka hujja ce ke magana, kuma kin bar masa ƙofar ya yi gyaran da hannunsa. Ki tuna shi ne ya nemi ra'ayi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Batun nauyin harshe kuwa ya fi buƙatar haƙuri, domin idan kika ce "Hausar ta yi nauyi" kawai, ra'ayinki ne ya yi karo da nasa. Gara ki nemi izininsa a karanta babin ga wasu masu aikin sa kai, musamman waɗanda Fulatanci ne harshensu na gida, a ce su bayyana abin da suka fahimta. Inda suka yi tuntuɓe, nan ne gyara yake. Ki tafi da madadin jimla a rubuce. Misali, maimakon "lita ɗaya ta ruwa" wajen haɗa ruwan gishiri da sukari, a ƙara da cewa ledar fiyawota biyu ke nan, tunda kowace rabin lita ce, kuma a zubar da ragowar bayan awa 24.

Idan ya karɓi gyaran, ki roƙe shi ya sa kwanan wata a bangon sabon littafin, ya kuma sanar a zauren cewa a goge tsohon, domin kwafin farko yana nan a wayoyin mutane. Idan kuwa ya ƙi gyara batun zinki, ki sanar da shi cikin ladabi cewa za ki kai maganar gaban jami'in da ke sama da ku kafin a fara horaswar.